Alƙaliyar Ƙananan Jirage

A garinmu Borovnice, in ka ce Magistra ba mai tambayarka wacce. Drahuše Havranová ake nufi, Draha a bakin mijinta da ƙawayenta, wadda ta yi shekara talatin da takwas tana haɗa magani a kantin da ke kallon coci. Laƙabin na duk mai wannan aiki ne, kuma tun da ta ajiye aiki mutum uku sun tsaya a inda take tsayawa, amma har yau in aka ce Magistra ita ke juyowa. Gajeruwa ce, mai furfura ɗaure tamau a ƙeya, mai sauri kamar ana jiranta a wani wuri. Ba ta da yawan fara'a, ba kuma mafaɗaciya ba ce. Abu ɗaya ne bakinta bai iya faɗa ba a duniya, shi ne "kusan".

Tana da shekara ashirin da uku ta shiga kantin, a hannun wani dattijo mai tsaurin rai wanda ya sa ta yi wata shida tana auna gishiri kafin ya bar ta ta taɓa garin magani. Shi ya koya mata cewa ba a karanta allurar sikeli ana numfashi, kuma ba a ɗaukar duwatsun awo da yatsa sai da hantsaki, don gumin hannu ma nauyi ne. Da aka kawo sikelin lantarki aka ce a zubar da tsohon mai faranti biyu, sai ta naɗe shi a mayafinta ta kai gida, shi da akwatin duwatsunsa na tagulla, tun daga manya masu giram ɗari har 'yan falle-fallen da iska za ta iya ɗauka. Kowa a garin ya san ranar da ta mayar da magajin gari ya je ya samo takardar likita, ga shi tsaye yana tari, ga layi a bayansa. An yi gunaguni ranar. Amma in yaro ya kwanta ciwo, uwarsa ba ta yarda kowa ya auna masa magani sai ita.

Mijinta Lubor Havran ƙato ne mai faɗin kafaɗa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana feƙe ƙarfe a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa. Da rana ya gyara ƙafar jirgi wadda ta kusa kai shi tsawo, da yamma ya dawo ya zauna a rumfar bayan gida yana ƙera wadda ba ta kai maɓallin riga ba. Kamar yawancin mazan unguwar tasha, cutar ƙananan jirage ta kama shi tun yana yaro, kuma ko a kantin matarsa babu maganinta. Ƙungiyarsu tana saman tsohon ɗakin ajiye kaya na tasha. Su goma sha huɗu ne, da wani tebur da ya cinye ɗakin, a kansa ga duwatsun takarda, ga gadoji, ga tashoshi masu 'yan fitilu, ga kawunan jirgi waɗanda kowanne zai kwanta a tafin hannunka. Wasu saya suke yi su gyara. Irin su Lubor kuwa tun daga fallen tagulla suke ƙerawa, shekara biyu ko uku a kan guda ɗaya.

To, ka tara maza goma sha huɗu kowa da kan jirginsa, me kake jira in ba gardama ba? Nawa ya fi naka ja, naka sai ƙara ba ƙarfi. Da can taragu suke jerawa a baya su ƙirga, amma wani tarago ya fi wani nauyi, kuma kowa ya san wanda zai zaɓa wa kansa. Wata shekara har Vendelín, mahaucin gari kuma shugaban ƙungiya, ya jefi wani da hularsa, ta kuskure mutumin ta faɗa kan gada ta karya ta. Daga nan suka ce a nemo wanda ba shi da jirgi kuma bai damu da jirgi ba. Aka dubi juna, aka ce Magistra. Wani ya ce ai mijinta na cikin masu takara, sai ɗakin ya fashe da dariya, don kowa ya tuna da magajin gari.

Ita ta tsara awon da kanta, tana kuma alfahari da shi, ba ta ɓoyewa. Layin dogo ne miƙaƙƙe mai tsawon mita ɗaya a kan katako, an daidaita shi har ƙwallon ƙarfe ba ya gangarawa ko'ina. Ana ɗaura zare a ƙugiyar bayan kan jirgin, zaren ya bi ta kan kwarkwaron keken ɗinkinta a bakin tebur, ya sauka yana riƙe da ɗan gwangwani. Mai jirgi ya murɗa wuta, jirgi ya soma ja a hankali, ita kuma tana zuba ƙwayoyin dalma a gwangwanin da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan, har ƙafafun su fara juyawa a wuri ɗaya jirgin ya kasa gaba. Nan take ta ɗauke gwangwanin ta ɗora a sikeli, ta faɗi giram nawa. Ba ihu, ba jifa da hula.

Sau ɗaya ake gasar a shekara, ranar bikin Waliyyi Martin a watan Nuwamba, da hantsi, don a sauka a ci gasasshiyar dinya da jan kabeji a gidan abincin tasha tun da zafinta. Kyautar wata tsohuwar fitila ce ta masu ba jirgi hannu, mai gilashi ja da kore. Ana buga sunan wanda ya ci a gindinta, ya tafi da ita gida shekara guda, wanda kuwa ya ci sau goma ta zama tasa har abada. Tun ranar farko babba ke fara ɗora jirginsa, sai mai bi masa, har a zo kan auta. Ba wanda ya kafa wannan doka. Ladabi ne kawai, ga kuma gwiwoyin dattawa da ba sa son tsayuwa.

Tsoho Matys ya ci sau bakwai a jere, ya rasu saura uku. Lubor ya zama babba, ya ci sau tara a jere. Mutane suka ce tsohon hannu ke nan, ba a sayensa a kanti. A ƙarshen takarda kuwa kullum Radim ne, direban bas ɗan shekara arba'in da ɗaya, autan ƙungiya, wanda suka raɗa wa jirginsa suna Mai Santsi. Radim ba ya fushi. Yakan yi murmushi, ya saɓa katakon ya mayar da shi ma'ajiya, don wannan aikin wanda ya zo na ƙarshe ne, sannan ya koma gida ya sake kwance jirginsa yana neman inda ya yi kuskure.

Bara ne abin ya fara damun Draha. Vendelín ya makara saboda baftismar jikarsa, ya iso ana shirin naɗe zare, aka ce to ya bi bayan Radim. Jirginsa da bai taɓa sauka ƙasa da giram ɗari biyu ba ya tsaya a ɗari da saba'in da ɗaya. Ya yi ta kumfar baki wai an taɓa masa jirgi, aka yi masa dariya, aka ce giyar biki ce ta shiga injin. Draha ba ta yi dariya ba. Duk tsawon sanyi lambar nan tana mata yawo a ka, tana wanke-wanke tana juya ta, tana ɗinki tana juya ta, ba ta ga inda giram talatin za su bi su ɓace ba.

A watan Satumba, wata safiyar Talata, ta karɓi makulli ta hau sama ita kaɗai. Ta goge dogon da auduga da sifirit, kamar yadda ta saba yi sau ɗaya tak kowace safiyar gasa. Ta ɗauko wani kan jirgi na ƙungiya daga kabad ta gwada, ya ja ɗari da casa'in. Ta bi sauran goma da ke kabad ɗin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dawo da na farkon, ya ja ɗari da hamsin da takwas. Ta shafa farar auduga a kan dogon, ta ɗago ta baƙa ƙirin tana maiƙo. Sai ta nemi kujera ta zauna. Ai kowannensu jajibirin gasa yakan cika jirginsa da mai don kada ya yi ƙara a gaban mutane, kuma kowane jirgi in ƙafafunsa suka yi juyi a wuri ɗaya sai ya bar wa na bayansa ɗan rabonsa. Na farko yana hawa busasshen dogo, na ƙarshe yana iyo a man mutum goma sha uku. Shekara goma sha shida fitilar nan ba ƙarfin jirgi take bi ba, shekarun haihuwa take bi.

Ta maimaita gwajin sau uku, don ba ta yarda da abu a karo ɗaya. Kunya ce ta fara kama ta, mai zafi, har kunnuwanta. Sikelinta bai taɓa ƙarya ba, amma ita ta bari ana kawo masa ƙarya yana aunawa. Bayan kunyar sai tausayin Lubor. Shekararsa saba'in da takwas. Hannunsa ya soma rawa tun shekara biyu da suka wuce, yanzu da hannu biyu yake riƙe kofin shayi. Baƙin kan jirgin nan mai ƙafa goma da ya gama a bazara, da bakinsa ya ce shi ne na ƙarshe. Saura ci ɗaya fitilar ta zauna a gidansu.

Ba ta iya riƙe magana a ciki ba, don haka ranar da rana, suna cin knedliki, wato dafaffen curin fulawa, da man shanu, ta ce, "Lubor, ajiye cokalin nan, magana zan yi."

"Yi mana. Da kunne nake ji, ba da cokali ba."

Ta faɗa masa duka, har da lambobin, ta kuma ajiye baƙar audugar kusa da farantinsa. Ya dubi audugar, ya ajiye cokalin.

"Wato sau taran nan ba ni na ci ba ke nan."

"Ban ce ba kai ka ci ba. Na ce ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba."

"Mutanen nan fa har rumfata suke zuwa su tambaye ni sirrin. Radim da littafi yake zuwa, ina magana yana rubutawa. Ashe sirrin shi ne na riga kowa tsufa." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wa kika gaya wa?"

"Kai kaɗai."

"To, Draha." Ya sauke murya, bai dube ta ba. "Ki bari sai baɗi. Shekara goma sha shida ana yi haka, ba wanda ya mutu. Ɗaya kacal. Baɗi ki wanke dogon da ruwan coci ma in kin ga dama."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Duka biyun."

Ya ɗago hannayensa ya miƙa mata a kan tebur, suna ta karkarwa. "Dube su. Kina ganin waɗannan za su kai baɗi?"

Shekara hamsin da ɗaya da aurensu bai taɓa roƙonta abu irin wannan ba, kuma ta san abin da roƙon ya ci masa. Zuciyarta kamar ta tsage. Amma ta ce, "In na yi shiru fitilar za ta shigo gidan nan ta zauna, ni kullum ina share mata ƙura ina sane da abin da na sani. Kai ma kana sane."

"Ke dai tun farko sikeli kika aura," in ji shi. Ya ture kujera ya fita. Ita ma ta fita ta ƙofar baya, ta tsaya a cikin kabejin lambu ta yi kuka sosai, sannan ta dawo ta kwashe kwanukan.

Mako takwas maganarsu ba ta wuce "ina gishiri" da "an kawo wasiƙa" ba. Da safe ya shige rumfa, sai yunwa ta fito da shi. Tana jin ƙarar zarto, tana jin ƙananan abubuwa suna faɗuwa ƙasa, tana jin yana zaginsu ɗaya bayan ɗaya har iyayensu. Sau nawa ta tsaya a bakin taga tana cewa a ranta, wai me zai faru in ta bar shi? Wa zai sani? Radim yana da shekara talatin a gaba, Lubor kuwa wannan ce. Ta kan kai har bakin amincewa, sai ta tuna yadda Radim ke saɓa katako yana murmushi, ta ji ba za ta iya kallonsa haka karo ɗaya kuma ba. Wata rana ta kai wa Lubor shayi ta same shi durƙushe yana laluben wani ɗan ƙusa a ƙasa. Ta sunkuya za ta taya shi, ya ce, "A'a. Alƙali ba ya taɓa kayan ɗan takara." Ta fito da ciwon maganar, amma tana kaiwa tsakar gida ta gane abin da ya faɗa mata: zai shiga gasar.

Ranar Martin ta zo da sanyi da yayyafi. Maza goma sha huɗu suka hau sama da akwatunansu a hammata, ɗakin ya cika da warin jiƙaƙƙun rigunan ulu. Lubor ya ajiye fitilar a kan tebur kamar yadda mai riƙe da ita ke yi, ya je ya zauna kusa da murhu da akwatinsa a cinya. Vendelín ya tafa hannu ya ce, "To, babbanmu, fage naka ne. A yi a gama, dinya na jira."

"Dakata," in ji Draha.

Ta fito da kwalbar sifirit da dunƙulen auduga ta ajiye a gaban kowa. A tsaye ta yi bayanin, ba ta tausasa komai ba, ta kuma fara da cewa laifin nata ne, ba na kowa ba. Daga yau za a goge dogo kafin kowane jirgi, kuma ƙuri'a za a ja, ba shekaru za a bi ba. In ba su yarda ba, ta naɗe sikelinta ta koma gida.

Vendelín ya daka tsalle. "Ban faɗa ba? Ban faɗa muku bara ba? Kuka ce giya! To ga giyar nan a jikin auduga!" Sai ya tuna wanda ke zaune kusa da murhu, ya koma ya zauna.

"Haba, Magistra," in ji wani daga baya, "sai a bana? Saura ɗaya fa."

"Marigayi Matys kuma fa? A kankare sunansa?"

Surutu ya kaure. Radim, da ke tsaye bakin ƙofa fuskarsa ta yi ja, ya ce, "Ni dai ban kai ƙarar kowa ba. Don Allah a bar shi yadda aka saba." Ɗaya bayan ɗaya suka juyo suna duban Lubor. Draha ce kaɗai ba ta dube shi ba, tana ta gyara zaren da ba abin da ya same shi.

"Vendelín," in ji Lubor, "miƙo hular nan taka a zuba sunaye. Yau dai ta yi wani amfani ban da karya gada."

Aka ja ƙuri'a, aka fara. Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Mutanen da suka yi shekaru suna jan ɗari da hamsin suka ga jiragensu sun haura ɗari da casa'in. Wani malamin makaranta ya ɗaga nasa ya sumbace shi a gaban jama'a, ya roƙe shi ya yafe masa duk zagin da ya sha. Na huɗu Radim ne. Draha ta goge dogo, sau biyu gaba sau ɗaya baya, ya ɗora Mai Santsi ya murɗa wuta. Cokali ɗaya, biyu, goma, jirgin na tafiya abinsa kamar ba a ɗaura masa komai ba. Sai da ta buɗe sabon ƙunshin dalma, abin da ba ta taɓa yi ba, kafin ƙafafun suka yi juyi.

"Ɗari biyu da talatin da ɗaya," in ji ta.

Ba a taɓa jin wannan lamba a ɗakin ba. Radim ya tsaya baki buɗe, ya ce, "Magistra, a sake aunawa, akwai kuskure."

"Radim, kada ka zage ni."

Lubor ne na goma sha ɗaya, kuma har aka zo kansa ba wanda ya matso kusa da lambar Radim. Ya tashi ya buɗe akwati ya fito da baƙin jirginsa. Ƙafa goma ne za su zauna a kan dogo, hannun kuwa ya ƙi tsayawa. Ya ɗora, ta baya ta zame. Ya sake, ta gaba ta zame. Radim ya ɗaga ƙafa zai matso, Lubor ya ce ba tare da ya juyo ba, "Tsaya inda kake." A karo na huɗu ya dafe wuyan hannunsa na dama da na hagu, jirgin ya zauna. Draha ta riga ta goge masa dogon, sau biyu gaba sau ɗaya baya kamar na kowa, ko da yake hannunta ya so ya ƙara.

Da hannu biyu ya murɗa wutar. Jirgin ya tashi a hankali, ba fizga, ba ƙara, kana ganin kowane ɗan sandan ƙafa yana kai da komowa. Har waɗanda suka sha kaye a hannunsa shekara tara sai da suka yi ajiyar zuciya, don aiki in ya yi kyau ya yi kyau. Ta soma zubawa. Gwangwanin ya cika rabi, ya wuce rabi, zaren ya miƙe tamau, jirgin na ja. Ya wuce inda ya saba tsayawa. Wani ya ce, "Ja, tsoho, ja!" aka ce masa ya yi shiru. Can sai ƙafafun suka yi juyi, ta ɗauke gwangwanin.

Sikelin yana fuskantarta ne, mazan kuma dole su tsaya bayan layin alli don kada numfashinsu ya kaɗa faranti, saboda haka ita kaɗai ke ganin allurar. Ta ɗora ɗari biyu, ta ɗora ashirin, gwangwanin bai ɗaga ba. Ta ɗora goma, sai ɓangaren duwatsun ya rinjaya, kaɗan, kamar da gashi ɗaya. Bai kai ɗari biyu da talatin ba ke nan. A nan ta so, da dukkan zuciyarta, a ce ita wata mace ce daban, wadda za ta iya ɗaga kai ta faɗi wata lamba. Ba mai gani. Ta cire goman, ta sa biyar, ta sa biyu, ta sa biyu, ta ɗauko fallen rabin giram da hantsaki ta ajiye. Ta riƙe numfashi. Allura ta tsaya cak a tsakiya.

"Ɗari biyu da ashirin da tara da rabi."

Sauran ukun da suka rage aka gwada su, ba wanda ya kai ko kusa. Da na ƙarshe ya sauka, Vendelín ya buga tebur har 'yan fitilun tashoshi suka girgiza. "Giram ɗaya da rabi? Haba! Ko naman da ke maƙale wa mutum a haƙori ya fi haka. Kunnen doki ne! A buga sunaye biyu, Lubor ya tafi da fitilarsa." Ɗakin ya ɗauka, muryar Radim ta fi ta kowa. Suka juyo gaba ɗaya suna duban Draha, amma Lubor ya riga ta magana.

"Kai, mahauci," in ji Lubor, "a shagonka ne ake ɗora yatsa a sikeli, ba a nan ba." Dariya ta ɓarke, har Vendelín. Lubor ya jira ta lafa. "Draha, nawa ne mafi yawan da na taɓa ja?"

"Ɗari biyu da ashirin da huɗu."

"Kun ji? Da waɗannan hannayen na ƙara biyar da rabi. Wannan kam ba mai ce min tsufa ne ya ba ni." Ya ɗauki fitilar, gilasanta suna ƙara a hannunsa, ya taka har bakin ƙofa ya danƙa wa Radim. "Riƙe da kyau. Ka daɗe kana iyo a manmu. Gobe kuma ni zan zo gidanka da littafi."

Radim ya rungume fitilar. Lubor ya juyo ga sauran, ya nuna matarsa da hannun da ke rawa. "Ku zagaye ƙasar nan tun daga Praha babban birni har iyaka, ku nemo min ƙungiyar da alƙaliyarta za ta kayar da mijinta da giram ɗaya da rabi. Ku nemo min in gani!" Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar, amma ƙirjinsa a buɗe yake kamar shi ya ci. Draha ta sunkuyar da kai tana jera duwatsunta a akwati, hawaye na ɗiga a kan tagulla, ba ta taɓa jin girman kanta da na mijinta kamar a wannan lokaci ba.

Da mazan suka soma sauka suna gardamar wa zai saɓa katako, ya matso kusa da ita ya rage murya. "Tsohuwa, tsakanina da ke. Rabin nan dai ke kika ƙara min, ko?"

"Ban taɓa ƙara wa kowa komai ba. Naka ne, kai ka ja shi."

Ya gyaɗa kai, ya share ido da bayan hannu. "To rubuta shi da manyan baƙaƙe," in ji shi. Ya dafe mata takardar da hannu biyu, ta rubuta.